Igiyar Akuyar Surukata

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da ilimin halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, ta Tanut. Duk shekara, idan aka gama yankan gero aka koma lakkol, akwai darasin da na fi so in yi wa 'yan ajin ƙarshe, shi ne yadda ƙwayar halitta ke kwafar ADN ɗinta kafin ta rabu biyu. Ranar darasin nakan shiga aji da guntuwar igiyar kaba a aljihu, har yara suka sa mini mushe mai igiya, wato malam mai igiya. Sun ɗauka ban sani ba.

Nakan ce musu jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai dogon zare mai sili biyu a tufke, kamar wannan igiya, shi ne ADN ɗin. A jikin kowane sili an jera haruffa iri huɗu, kowane harafi da abokin da yake kamawa a ɗaya silin: A da T, G da C, ba sa canza aboki. Jerin haruffan nan shi ke faɗin tsawon mutum da launinsa da siffar hancinsa. Idan ƙwaya za ta rabu, dole kowane rabi ya tafi da nasa zaren cikakke. Sai wani sinadari da ake kira anzim ya bi igiyar yana warware tufkar. Wani ya biyo kowane sili yana duba harafi, yana ɗauko abokinsa, yana jerawa, yana kuma waiwaye ya cire wanda ya sa ba daidai ba. Kafin ka ankara igiya ɗaya ta zama biyu, kowace da sili ɗaya tsoho, ɗaya sabo. A nan nakan ɗaga silin biyu sama in yi shiru kaɗan, don ina son a kalle ni. Sannan in rufe da cewa duk da waiwayen nan, jefi-jefi kuskure yakan tsallake. Yara su rubuta, ni in kakkaɓe alli daga hannuna. Ban taɓa jin maganar ta shafe ni ba.

Matata ta fari ta rasu ta bar mini 'ya'ya huɗu, dukansu dogaye kamar ni. Na daɗe ban sake aure ba, sai da furfura ta cinye rabin gemuna na auri wata bazawara 'yar Belbeji, mace mai natsuwa wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Mahaifinta ya rasu, tsohuwarta ce ke riƙe da gida. Ni kuwa mutum ne mai kunyar surukai irin ta da. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskar tsohuwar nan sosai ba. Idan na je gaisuwa, tun daga bakin darni nake tuɓe takalmi in durƙusa, ita tana cikin ɗaki ta ja mayafi, mu yi gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau ba. Ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Wata rana na hango ta a kasuwar Belbeji, na faɗa rumfar masu gishiri na tsaya ina taya abin da ba ni da niyyar saye har ta wuce.

Da matata ta samu ciki, sai ta tafi gida goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta haifi namiji. Ranar suna muka ɗunguma daga Tanut, har da yayata, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami kuma har yau ba ta yarda na girma ba. Ni da aka miƙo mini jaririn a zaure, a naɗe cikin zane, ban ga komai ba sai ɗana. Mata kuwa sun riga sun gani tun a wurin wanka: kai babba, hannuwa da ƙafafu gajeru. A cikin taron nan yayata ta sunkuya wajen wata maƙwabciya ta ce, “Mu dai danginmu raƙuma ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai a bincika can wajensu.” Yayata ba ta iya raɗa ba. Kafin a gama rabon goro maganar ta kai kunnen surukata.

Bayan 'yan makonni muka kai yaron asibiti a Damagaram, ni da uwarsa. Likitan ya auna kai, ya auna hannu, ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, sannan ya ce yaron wada ne. Ya ce hankalinsa lafiya lau, zai yi karatu, zai yi aure, tsawo ne kawai ba zai yi ba. Ya tambaya ko akwai wada a danginmu ko nasu, muka ce babu. Sai ya ɗago ya dubi gemuna ya ce, da Faransanci, “Shekarunka nawa?” Ita bai tambaye ta nata ba. Kafin ya buɗe baki na riga na san abin da zai faɗa, don yana cikin littafin da nake koyarwa. Mace ana haihuwarta da ƙwayayen haihuwarta a ajiye. Namiji kuwa tun daga balaga jikinsa ke kwafa, kwafi a kan kwafi, bai hutawa har tsufa, kuma yawan kwafi shi ke kawo yawan kuskure. Irin wannan halitta, idan babu ita a dangi, galibi daga uba take fitowa, musamman uban da ya manyanta. Harafi ɗaya ne ya sauya. Na zauna a kujerar nan kamar ɗalibin da aka kira gaban allo.

Ina so a fahimce ni. Yaron ban taɓa jin kunyarsa ba, ko a ranar, ko yanzu da yake bina masallaci yana riƙe da gefen rigata. Kaina nake jin kunya, tsohon da ya shafa baƙin lalle a gemu ranar ɗaurin aure don kada a ce amarya ta auri kakanta.

A mota, kan hanyar komawa, na faɗa wa matata da rabin baki. Ta saurara tana jijjiga yaron, sannan ta ce, “Na ji, Malam. Amma ai ba ni aka ce a bincika ba, uwata da ubana aka ce. Faɗa mini ba shi ne ba.”

Arba'in ta wuce ba a dawo da ita ba. Maimakon ita sai saƙo ya zo daga tsohuwa: 'yarta ba ta rasa gidan uba ba, yaro kuma tunda an ce nasu ya biyo, sun riƙe abinsu. Idan ina so in ba ta takardarta, in ba ta.

A wajenmu miji ba ya zuwa biko da bakinsa, manya yake turawa. Na hau babur na tafi Gangara wajen kawuna, na same shi a gindin rumbu ana ɗora dammunan gero. Na ja shi gefe na fara yi masa bayani. Ya bi ni har wajen igiya, yana gyaɗa kai. Da na iso inda maganar take, na ce daga ruwan jikina ne, sai ya ɗaga hannu.

“Tsaya nan. Wannan kake so in ɗauka in kai wa surukarka?”

Na ce i.

“Ni da furfurata? Ba ni saƙon da baki zai iya faɗa, yaro.”

Shekarata hamsin da wani abu yake ce mini yaro. Ya tafi Belbeji da goro da wani dattijo abokinsa, suka yi abin da suka iya. Suka ce wa tsohuwa ƙaddara ce, mun karɓa hannu biyu, ba ma riƙe kowa da laifi, mun yafe. Ita kuwa ta ce a tambaye su me aka yi musu da za su yafe. Suka dawo da goronsu ko kwance shi ba a yi ba. Kawu ya ajiye mini shi a gabana ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A makon nan darasin igiya ya zo. Na warware ta kamar kullum, na ɗaga sili biyu, na iso wajen kuskuren da ke tsallakewa, sai na kasa ƙarasawa. Wata yarinya a layin gaba ta ɗago biro tana jira. Na ce su kwafi zanen da ke allo, na fita baranda na tsaya. Gidana babu mace, ɗana yana girma a wani gari, kuma abin da zai dawo da su ba ya wuce maganar da nake yi wa 'ya'yan mutane duk shekara ana biyana.

Ran Asabar na shiga motar kasuwa na nufi Belbeji. Duk hanya ina shirya kalmomi, ina zubarwa. Da Faransanci maganar ba ta da nauyi, kalmomin kamar an wanke su. Da Hausa kuwa kowace tsirara take.

Na isa da hantsi. Na tuɓe takalmi a bakin darni na yi sallama. Tsohuwa tana ƙarƙashin rumfa tana tsince wake a faifai, yaron kwance a kan cinyarta. Da ta ji muryata ta jawo mayafi ta juya mini baya. Ba ta gudu ɗaki ba saboda yaron na barci. Na durƙusa nesa da ita, ni ma na ba ta gefe, ina kallon turken awaki. Muka gaisa, gaisuwa ta ƙare, ban tashi ba. Matata tana cikin ɗaki, ina jin motsinta a bayan asabari.

Na ce, “Inna, magana na kawo, wadda ba ta aikuwa.”

Ba ta amsa mini ba, don ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Yaron ta duba, wanda take kira maigida, irin wasan kaka da jika. Ta ce, “Maigida, ka ji wai magana aka kawo. To muna ji.”

Na laluba aljihu, ashe na bar igiyata a aji. An kore awaki kiwo, igiyar wata akuya tana yashe a jikin turke. Na miƙa hannu na kwance ta. Ban san abin da ya sa ban nemi izini ba, hannuna ne ya yi aikin da ya saba. Na fara warware ta ina magana, ina kallon ƙasa. Na ce jikin ɗan Adam akwai wani zare da Allah ya sa a ciki, mai sili biyu kamar wannan, a jikinsa aka rubuta kamannin mutum. Na ce duk lokacin da jiki zai yi sabon abu sai ya warware zaren, ya tufka wa kowane sili sabon aboki, ɗaya ta zama biyu. Na ce mai tufkar gwani ne, yana yi yana dubawa, amma wanda ya yi tufka dubu sai ɗaya ta karkace. Na ce abin da ya samu yaron ke nan, wuri ɗaya ne ya karkace, kuma ba daga wajenku ba ne, daga wajena ne.

Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, “Maigida, ce masa mun gode da kara. Amma mun ga 'ya'yansa huɗu, kowanne sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Kada a rufe mu da zane, mu ba yara ba ne.”

Tambayarta daidai take, da ɗalibi ne ya yi ta da na yaba masa. Nan ne kuma wurin da kawu ya ɗaga hannu. Na tuna karin maganar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kuma ji haushin wanda ya fara faɗin haka, don na tabbata ba a gaban surukarsa ya yi wankan ba.

Na ce, “Inna, waɗancan ina da ƙuruciya na haife su. Mace da nata irin ake haihuwarta, a ajiye yake, ba a sake tufka shi. Namiji kuwa kullum jikinsa sabon iri yake yi. Ruwan da ake samun ɗa da shi nake nufi.” Na ji faifan ya daina motsi. “Tun ina saurayi ake tufkar nan a jikina, har yau ba a tsaya ba. Na tsufa, Inna. A jikina tufkar ta karkace, a ruwana, kafin ya je ga 'yarki. Ita ba ta kawo komai ba sai alheri.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Na faɗi ruwan jikina a gaban matar da ban taɓa shan ruwan randarta ba. Na ambaci zuwansa ga 'yarta. A bayan darni na ji wata maƙwabciya ta yi salati a hankali, sannan na ji takunta da sauri, na san kafin azahar rabin Belbeji sun ji. Tsohuwa ta ja mayafin har ya rufe faifan. Ita ma kunyar ta kama ta, kuma ni na jawo mata, a cikin gidanta, da rana tsaka.

Ga ni da sili biyu a hannu, ban san inda zan ajiye su ba. Yaron ya farka ya fara ƙananan kuka. Ta ɗaga shi ta sa a kafaɗa, ta ce da murya ƙasa ƙasa, “Maigida, tsohonka ya ɓata mini igiya. Ce masa ya ajiye ta nan ya tafi. Jibi ni zan kawo ku da kaina. Amma abin da aka faɗa a Belbeji, a bakin taro aka faɗe shi. Wannan karatun ma sai a maimaita shi inda wancan ya fito, a gaban gwaggonka.”

Na ajiye silin a kan turke na fita da baya. Sai da na kai tasha na lura takalmina na hannu.

Suka iso ran Litinin da la'asar, tsohuwa da 'yarta da wasu mata biyu 'yan rakiya. Yayata ta zo, maƙwabta sun cika tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi. Matata ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da ƙullin kayanta a gefe, ba ta shiga ba, ba ta kwance shi ba. Ni ina zaure ina fatan tsohuwa ta manta. Sai aka aiko wai ana kirana ciki.

Namiji a tsakiyar mata ranar dawowar mai jego, wannan kaɗai abin kunya ne. Na tsuguna a bakin rariya. Surukata, ta juya baya kamar kullum, ta kwance bakin zanenta ta fito da silin igiyar nan biyu, ta tura su kan tabarma har gaban yayata. Ta ce, “Maigida, ce wa tsohonka muna jira.”

Yayata ta dubi igiyar, ta dube ni. “Mene ne wannan kuma?”

Na ce, “Yaya, kin ce a bincika. An bincika.” Na ɗauki silin, na fara daga farko: zaren da ke cikin jiki, warwara, sabuwar tufka, gwanin da ke waiwaye. Wata daga cikin matan ta toshe bakinta da mayafi tun ban je ko'ina ba, alamar labarin Belbeji ya riga ni zuwa. Na ce, “Babu wada a danginsu, babu a namu. A jikina abin ya faru, saboda na tsufa. Ni ya biyo, Yaya.”

Yayata ta ce, “Kai kuwa ta yaya? Ka haifi huɗu ƙalau.”

Wannan matar ita ta yi mini wanka ina yaro, ita ta goya ni zuwa gona. Ga 'yata babba tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Na rufe ido na ce, “Shi namiji, ruwan da...”

“Ya isa, Malam.”

Matata ce. Tun da ta shigo gidan ba ta ce uffan ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi kowa ba. Ta ce, “Sun ji. Wadda ba ta gane ba ta same ni a ɗaki, ni zan ƙarasa mata. Tashi ka tafi zaure.”

Yayata ta miƙa hannu aka ba ta yaron, ta daɗe tana kallonsa, ban tsaya jin abin da za ta ce ba. Na miƙe da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara, kowa ya ji. Da na kai bakin zaure na waiwaya sau ɗaya. Matata ta jawo ƙullin kayanta gabanta, ta sa haƙori tana kwance shi.